Kafin ka sayi katin 'yan wasan baseball

A 2022 an sayar da katin Mickey Mantle na kamfanin Topps, bugun 1952, a kan dala miliyan 12.6 a Amurka. Ɗan kwali ne fa, bai cika tafin hannu ba. Labarin nan ne ya ruɗe ni na yi odar katuna ta intanet, a zatona duk tsohon kati kuɗi ne. Ashe bugun 1990 ne, lokacin da aka buga su kamar ƙasa. Ko kuɗin kawo su Legas ban mayar ba.

Abin da ke sa kati tsada shi ne ƙarancinsa, sunan ɗan wasan, sai lafiyar katin. Galibi na shekarar da ɗan wasa ya fara ya fi daraja. Duba kusurwoyinsa huɗu, ka ga ko hoton ya zauna a tsakiya. In mai tsada ne, nemi wanda kamfanin PSA ya ba maki, daga 1 zuwa 10, ya rufe cikin roba. Lambar jikin robar ma ka duba ta a shafinsu, don jabu sun yi yawa.

Danshin kudun nan kuwa yana lanƙwasa kati. Sa kowanne a ledarsa, nesa da rana da bango.