Ketamin da Ciwon Damuwa: Tantance Gaskiya daga Jita-jita

Ketamin magani ne na gusar da hankali da kashe zafi lokacin tiyata, wanda Calvin Stevens ya harhaɗa a Amurka a 1962, aka kuma amince a yi wa mutane amfani da shi a 1970. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin magungunan da bai kamata asibiti ya rasa ba tun 1985, domin ba ya danne numfashi kamar sauran alluran barci, abin da ya sa asibitocin karkara, inda lantarki da iskar shaƙa ba su wadata ba, suka dogara da shi. Likitocin dabbobi ma suna aiki da shi, don haka masu kiransa maganin doki, a yanki irin Illela da ya shahara da kasuwar dabbobi, rabin gaskiya kawai suka faɗa.

Batun cewa yana sauƙaƙa ciwon damuwa, wato baƙin cikin da ke daɗewa har ya hana mutum barci da ci da sha'awar rayuwa, gaskiya ne. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Yale suka nuna cewa ɗan ƙaramin awo da aka ɗura ta jijiya yana kawo sauƙi cikin sa'o'i, alhali magungunan da aka saba da su sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, kuma dalilin bambancin shi ne ketamin yana taɓa wani sinadari mai kai saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ake kira gulutamet. A Maris na 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Spravato, wani nau'insa da ake fesawa a hanci, ga waɗanda suka gwada aƙalla magunguna biyu ba su dace ba, bisa sharaɗin a shaƙe shi a asibiti, a kuma sa wa majiyyaci ido na sa'o'i biyu.

Inda jita-jita ta kauce hanya shi ne cewa allura ɗaya tana raba mutum da ciwon har abada. Sauƙin yakan gushe cikin kwanaki zuwa mako ɗaya ko biyu, kuma wannan ne ya sa wasu likitoci ke haɗa shi da jinyar tattaunawa, wato zama da ƙwararren masanin halayya kafin a ba da maganin, da lokacin da yake aiki, da bayansa, domin a yi amfani da ɗan tsakanin da zuciya ta saki wajen gyara tunani. Binciken da aka yi kan wannan haɗi kaɗan ne, kuma bai kai ga tabbatar da cewa ya fi maganin shi kaɗai ba.

Abin da ya fi shafar mutanen Illela da maƙwabtansu shi ne batun firgicin da ke bin wanda ya ga mummunan bala'i, domin hare-haren 'yan bindiga a Sabon Birni da Isa da Goronyo da sassan Illela sun bar mutane da yawa da zabura cikin barci da tsoron da ba ya barin zuciya. Abin takaici, a nan ne hujjar ta fi rauni: wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna alamun sauƙi, wani mafi girma da aka yi kan sojojin Amurka aka wallafa a 2022 bai nuna bambanci mai ƙarfi ba, kuma hukumar ta Amurka ba ta amince da shi don firgici ko yawan fargaba ba. Tun da maganin yana sa mutum ya ji kamar ya rabu da jikinsa, wanda ya tsira daga hannun masu garkuwa zai iya ƙara dimaucewa idan aka yi masa allurar babu mai kula.

Cewa ba shi da illa kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Yana ɗaga hawan jini, yana kama jiki har mutum ya kasa bari, yawan shansa kuma yana lalata mafitsara, kuma shi ne ajalin ɗan wasan Amurka Matthew Perry a Oktoban 2023. A Illela, garin iyaka da ke fuskantar Birnin Ƙonni, inda tiramol ya riga ya yi ɓarna tsakanin matasa, duk ketamin da aka sayo a kemis ko a hannun ɗan fasa-ƙwauri ƙwaya ce, ba jinya ba. Iyalin da ke da mai fama da damuwa ko firgici su kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda likita zai fara da hanyoyin da aka riga aka tabbatar da ingancinsu.