Rumbu da Littafi a Gidan Mai Ƙaramin Ƙarfi

Duk wanda ya taɓa yin damina a ƙasar Miga, wadda take kwance a gefen fadamun kogin Haɗeja cikin masarautar Dutse, ya san cewa manomin wannan yanki ba ya yi wa amfanin gonarsa lissafi sai ya ga dami ya shiga rumbu, domin ruwan da yake raya masa shinkafa da gero shi ne kuma yake iya tashi cikin dare ya share su, kamar yadda ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yi wa gonaki a sassa da dama na Jigawa. Mutumin da ya tashi a irin wannan ƙasa, tattali a jininsa yake. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na awo suka yi tashin gwauron zabi, sai ma'aikacin Dutse mai jiran albashi ya koma koyon abin da kakarsa ta ƙauye ta daɗe da sani, wato auna tiya kafin a ɗora tukunya.

Galibin mutanen wannan yanki Musulmi ne, kuma kalmomin ƙana'a da israfi da almubazzaranci ba baƙi ba ne a kunnensu, suna jin su a bakin malamai tun suna makarantar allo. Amma akwai kuma gidajen Kirista jefi-jefi, musamman a Dutse da sauran manyan garuruwa, waɗansu malaman makaranta ne ko ma'aikatan asibiti, waɗansu 'yan kasuwa, waɗansu kuwa Hausawa ne gaba da baya waɗanda kakanninsu suka karɓi bishara. Cocin Angilika ma ta kafa dayosis a Dutse tun 1996, shekara biyar bayan ƙirƙiro jihar. Abin da na lura da shi a irin waɗannan gidaje, wanda kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne yadda tattalin abinci da karatun littafi suke tafiya tare, har ya zama yaro yana koyon ɗaya ne ta hanyar ɗayan.

Asalin wannan ɗabi'a ta karatu yana da nisa. Tun a tsakiyar ƙarni na 19 wani Bajamushe mai suna Schön, wanda bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, ya duƙufa wajen juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, yana samun taimako daga Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da matafiyi Barth ya tafi da shi Ingila. Daga baya Likita Mila, wanda ya zauna a Zariya tun 1905, shi da abokan aikinsa Turawa da Hausawa suka ci gaba da aikin, har aka buga cikakken littafin da rubutun boko a 1932, wato shekara bakwai kafin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Da yake a wurare da dama 'yan mishan sun fi son mai neman baftisma ya iya karanta Linjila da kansa, sai karatu ya zama tamkar sharaɗin shiga jama'a, manomi ya dawo daga gona ya zauna yana haɗa baƙi da wasali, matarsa kuma ta koya a taron Zumuntar Mata. Saboda haka ba abin mamaki ba ne ka shiga ɗakin da babu kujera babu katifa, amma ka tarar da littafi biyu a naɗe cikin leda an ɗora su a inda ruwa da gara ba sa kai wa, wato Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi.

Ga yadda abin yake gudana. Bayan an ci tuwon dare an kwashe kwanuka, uwargida ta zuba ruwa a kan sauran tuwon don ɗumamen safe, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kunna fitila ɗaya tak, wadda a da ta kananzir ce, yanzu kuwa mai caji ce da ta wuni a kan rufin ɗaki tana shan rana. Maigida ya buɗe littafin, wanda bangonsa ya sha ɗinki da zare, gefen shafukansa sun yi baƙi saboda yatsu, a shafin farko kuma an jera sunayen 'ya'ya da ranakun haihuwarsu. Ba shi kaɗai yake karantawa ba. Ya karanta aya ɗaya ya miƙa wa babban ɗa, shi kuma ya miƙa wa ƙanwarsa, har ya iso ga auta mai bin layi da ɗan yatsa, yana tuntuɓe a kan sunayen Ibraniyawa, 'yan'uwa suna ƙunshe dariya, uwa tana harararsu. In ya kakare ya ɗago kai ya ce, "Baba, wannan fa?" Uban ya ce, "Sake dubawa, kada ka yi gaggawa, baƙin farko mene ne?" Kafin rabin sa'a an yi waƙa, an yi addu'a, an kashe fitila don a rage caji saboda mai aikin makaranta da asuba. Littafi guda ya wadaci mutum bakwai, ba a kashe ko kwabo ba, yaro kuma ya sami darasin karatun Hausa wanda mai yiwuwa bai samu a ajin da ya cika maƙil ba.

Labaran da iyaye suka fi komawa gare su kuwa, in ka duba, labaran hatsi ne da bashi da yunwa, abubuwan da ɗan Miga ba ya bukatar tafsiri kafin ya gane su. Akwai ƙissar Yusufu a Littafin Farawa, wanda ya shawarci Fir'auna a riƙa ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin shekaru bakwai na ƙoshi saboda shekaru bakwai na fari. Maƙwabci Musulmi ya san ƙissar a Suratu Yusuf, inda aka yi umarnin barin hatsi a cikin zangarniyarsa, wanda shi ne ainihin abin da manominmu yake yi in ya zuba dami a rumbu bai sussuka ba, don ya san ƙwari sun fi saurin cin tsaba, ta kuma fi saurin tafiya kasuwa. Akwai Rut, gwauruwar da ta ciyar da surukarta da kala a gonar wani attajiri, kala kuwa har yau yara da tsofaffi suna yin ta a bayan masu girbi. Akwai matar da mai bin bashi ya zo ɗauke 'ya'yanta biyu, Annabi Elisha ya ce ta aro tuluna a wurin maƙwabta, ɗan man da ya rage mata ya cika su, ta sayar da mai ta biya. Sai kuma ciyar da mutum dubu biyar, inda bayan kowa ya ƙoshi Almasihu ya sa aka tattara gutsattsarin gurasa har kwando goma sha biyu. Wannan na ƙarshe uwaye sun fi kowa riƙe shi, domin da shi suke kafa hujja ga yaron da ya raina ƙanzo ko ya bar loma a kwano. Shi kuwa littafin Karin Magana, wanda tsohuwar fassara take kira Misalai, sura 31 gare shi, don haka waɗansu gidaje suke bin sa sura ɗaya kowace rana har wata ya ƙare, a cikinsa kuma aka tura malalaci ya je ya ɗauki darasi wurin tururuwa.

Sai dai fa littafin da ya yabi ajiya shi ne kuma ya yi mata iyaka, kuma a nan ne, a ganina, fa'idar karatun ta fi fitowa fili. A cikin Linjilar Luka akwai misalin attajirin da gonarsa ta yi albarka, ya ƙudura rushe rumbunansa ya gina manya, ya kwanta ya ci shi kaɗai, ashe a daren nan za a karɓi ransa. Tsakanin tattali da rowa tazarar ba ta fi gashin ido ba, kuma talauci yakan sa mutum ya tsallaka bai sani ba. Uban da ya karanta wa 'ya'yansa Yusufu yau, gobe ya karanta musu wannan attajiri, ya ɗaure kansa da bakinsa, domin ranar da maƙwabciya ta aiko yarinya da ƙwarya a tsakiyar marka, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, idon yaran yana kansa. Haka zakka da baikon Lahadi da godiyar kaka, inda ake kai damin gero ko kaza majami'a, ana fitar da su ne tun kafin a fara lissafin cefane.

Ba zan ce kowane gida haka yake ba. Na ga gidan da ake karanta ƙissar Yusufu da daddare, da safe kuma a fasa rumbu a sayar da hatsi da arahar kaka don ɗinkin Kirsimeti ko ankon biki, sa'an nan a dawo a watan Agusta ana sayen hatsin nan da tsada a hannun wanda ya saye ya ɓoye. Wannan cuta ba ta san addini ba, ana ganin irinta a jajibirin Sallah. Maganin da mata suka samo mata shi ne adashe da asusu da 'yar akuya a bayan ɗaki, wadda take cin dusa da ƙaiƙayi, ranar kuɗin makaranta kuma ta zama kuɗi.

Wayar hannu ta shigo cikin lamarin, kuma tana da nata alheri, tun da yanzu ana iya sauke Littafi Mai Tsarki na Hausa kyauta, har da na saurare ga tsohuwar da idonta ya yi rauni. Amma waya ta mutum ɗaya ce, tana cin kati tana cin caji, kuma yaron da aka miƙa masa ita don ya karanta aya ba a aya yake tsayawa ba. Littafin takarda kuwa sau ɗaya ake sayensa, ya yi shekara ashirin yana zagaya tabarma.

Babban giɓin da ya rage shi ne na littattafan yara. Fassarar 1932 da sabuwar da ta biyo bayanta Hausar manya ce, ɗan shekara shida kuwa yana son ɗan ƙaramin littafi mai hoto da manyan baƙaƙe, wanda zai riƙe a hannunsa ya ce nasa ne. Irin waɗannan da Turanci suka fi yawa, na Hausa kuwa sau da yawa sai an yi sallahu ga mai zuwa Kano ko Jos, kuɗin mota ya ninka kuɗin littafin. Ina kira ga masu ɗab'i da shugabannin ikilisiyoyi, na ECWA da HEKAN da Angilika da sauransu, su buga ƙananan labarai da Hausa mai sauƙi, shafi goma sha shida ya isa, a kan farashin da bai wuce na tiyar gero ba, su kuma riƙa aikawa da su a hannun masu bishara da malaman makarantar Lahadi, har su kai ƙauyukan da babu kantin littafi.