Sanyin da ke kashe bakwaini a ƙasar zafi

Wanda ya san zafin Tawa a watan Afrilu zai yi mamakin jin cewa sanyi na kashe jarirai a yankinta na Adar. Amma jaririn da aka haifa bai kai kilo 2.5 ba, ko bakwaini ne ko ɗan wata tara da bai yi ƙwari a ciki ba, ɗakin da manya ke fifita a cikinsa ma yana iya yi masa sanyi. Balle a daren hunturu na Disamba da Janairu, lokacin da iskar arewa ke ratsa zana da ƙofar ɗaki.

Zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Ƙaramin jariri fatarsa siririya ce, kitsensa kaɗan, kansa kuma babba ne, ta nan zafi mai yawa ke fita. Ba ya iya rawar ɗari. Sai jikin ya shiga ƙona sukarin jini don ya ɗumama kansa, sukarin ya faɗi, numfashi ya yi wuya, ya kasa kama nono.

Ɓarnar ta fi faruwa a mintunan farko. Jariri yana fitowa a jiƙe, ruwan yana bushewa yana tafiya da ɗuminsa, kamar yadda raɓar jikin tulu ke sanyaya ruwan ciki. Shi ya sa ungozoma za ta goge shi nan take da busasshen zane, ta jefar da jiƙaƙƙen, ta sa masa hula. Wanka kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta shi awa 24 aƙalla. A nan ake samun gardama da kakanni, masu ganin farin maiƙon jikinsa ƙazanta ne, alhali kariya ce ga fatarsa. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ma ba mafita ba ne, hayaƙinsa na cutar da huhu.

Mafitar ita ce ɗumin jikin uwa. A 1978, a Bogota ta ƙasar Kolambiya, kwalaben renon jarirai suka yi wa likita Edgar Rey kaɗan, sai ya fara ɗora bakwaini a ƙirjin iyayensu mata, fata da fata. Ba goyon baya ba ne da aka saba: jariri yana tsaye tsakanin nonuwa, da hula da nafkin kawai, an juya kansa gefe, an ɗaure da zane. Wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda aka yi a ƙasashe biyar har da Nijeriya da Gana, ya nuna fara wannan reno tun daga haihuwa ya rage mutuwar jarirai masu kilo 1 zuwa 1.8 da kashi 25 cikin ɗari. Ana son awa 8 zuwa 24 a rana, kuma uba ko goggo na iya karɓar mai jego ta huta.

Ga mutanen garuruwan da ke nesa da Tawa, irin su Abalak da Cintabaradan, wannan ya fi muhimmanci a hanya. Jaririn da aka naɗe a tsumma aka riƙo a bayan babur zuwa cibiyar kula da uwa da yaro ta Tawa yana iya isa a sandare. A ɗauko shi manne a ƙirji, a ci gaba da ba shi nono. A riƙa taɓa tafin ƙafarsa da cikinsa da bayan hannu. In duka biyun sun yi sanyi, ko ya daina tsotso, a tafi likita ba jira, don sanyin jiki kan zama alamar ƙwayar cuta ta shiga jini.