Aikin sa-kai a gona: yadda damina ɗaya za ta buɗe maka hanyar sana'a a Gaya da Ajingi

Idan ka gama sakandare ko difloma kana zaune a Gaya ko Ajingi, kuma kana son noma ya zame maka sana'a ta gaske, akwai ƙofar da ba ta neman jari: ka ba da ƙarfinka damina guda a gonar da ake koyar da aiki. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu, gayya ma ai sa-kai ce. Sai dai ɗan gayya da ya ci tuwo ya sha fura an sallame shi, kai kuwa ilimi ka zo ɗauka. Wanda bai san abin da ya zo ɗauka ba, to ƙwadago kawai ya yi kyauta.

Wurin farawa ba nisa. Ofishin shiyya ta uku na KNARDA, hukumar raya noma da karkara ta Jihar Kano, a Gaya yake. Malamin gona guda yakan riƙe ƙauyuka masu yawa, ga gonakin gwaji da ke son mai duba su kullum, irin waɗanda ƙungiyar Sasakawa ta daɗe tana kafawa tare da malaman KNARDA tun shekarun 1990. Ka nemi shugaban ƙungiyar manoman garinku ya gabatar da kai. Wanda aka kawo ya fi wanda ya kawo kansa samun shiga. Kuma ka je a Afrilu ko farkon Mayu, lokacin sharar gona. Da zarar ruwa ya sauka, ba mai lokacin yi maka bayani.

Kafin ka ɗauki fartanya, a yi magana a fili. Kwana nawa a mako? Wa zai biya kuɗin mota? Za a ba ka takardar shaida bayan kaka? Kunya a nan ba ta da amfani. Haka a gida: ka zauna da mahaifinka ku raba kwanaki, domin noman fari a gandu da na gonar gwaji lokaci ɗaya suke faɗowa, kuma a nan yawancin masu sa-kai ke ɓacewa. Kwana biyu ko uku da za ka cika sun fi bakwai da za ka saɓa.

To me za ka koya? Noma mai ɗorewa a ƙasarmu ba wani abu ba ne illa ka ci amfanin bana ba tare da ka kashe gonar baɗi ba. Gonakin tudu a nan jigawa ce mai rairayi, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Ka zuba buhun takin zamani a gonar da ta gaji, ruwa biyu masu ƙarfi sun isa su wanke rabonka. Shi ya sa za ka ga malami ya nace a kan takin gargajiya da aka ruɓar a rami, kashin dabbobi da toka da ganye, ana yayyafa ruwa ana juyawa har ya yi baƙi ya daina zafi. Sannan takin zamani kaɗan a gindin kowace shuka, cikin murfin kwalbar lemo, kimanin giram 6, a binne shi, hanyar da cibiyar ICRISAT ta yaɗa a Nijar da maƙwabtanta. Ka lura kuma da tsarin da masanan IITA suka gwada a Kano: layi 2 na dawa, layi 4 na wake, baɗi a sauya wuri. Waken yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa ta ciyar da dabbobi, dabbobin su mayar da taki gona. Sauyin yana kuma rage ƙuduji, wannan ciyawa da irinta ke iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10, shi ya sa ake tuge ta kafin ta yi fure.

Akwai darasin da ba ya cin ko kwabo. A Maraɗi, tun shekarun 1980, manoma suka daina tone kututturen itatuwa lokacin shara. Sai su zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi, su sassabe sauran, itace ya sake tashi. Sassabin zamani suke ce masa. Ka dubi gero a ƙarƙashin gawo ka gwada da na nesa da shi: gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare rana, ganyen kuma taki ne.

Amma abin da zai raba ka da kowane ɗan ƙwadago shi ne littafi da biro. Rubuta ranar shuka, sunan iri, tazarar kunya, ranar da aka yi ruwa, kuɗin da aka kashe, buhu nawa aka samu. Koyi auna gona. Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo, 100 faɗi, ba "cin buhu biyu" ba. Koyi gwada iri: shuka ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen yashi, ka ƙirga waɗanda suka tsiro bayan mako guda. Ɗauki hoton gonar da wayarka duk sati daga wuri ɗaya. Ran da wani shiri ko kamfanin iri ya zo neman wakili a ƙauye, wannan littafin zai yi maka magana fiye da rantsuwa.

Gaskiya dai, sa-kai ba takardar ɗaukar aikin gwamnati ba ce, kada wani ya ruɗe ka. Abin da take ba ka shi ne sana'ar da manoma za su biya. Kafin kaka ka tsayar da guda: feshi bisa ƙa'ida da kayan kariya, ko noman iri mai kyau, ko rainon dashen itatuwa da kayan lambu don masu noman rani a fadama, ko ajiyar wake a buhun PICS mai ruɓi uku wanda ba ya buƙatar magani. Ke ma 'yar'uwa, wannan na ƙarshen da sarrafa gyaɗa da kiwon awaki filinki ne, don kina shiga gidajen da malami namiji ba ya shiga.

Idan kuma karatu kake son ƙarawa, ga makarantar koyon noma ta Leventis a Panda cikin Albasu, ga Kwalejin Noma ta Audu Bako a Dambatta, ga Jami'ar Aliko Dangote nan kusa a Wudil. Lokacin cika fom, ka haɗa da takardar shaidar da malamin gona ya sa wa hannu, kuma ka karɓe ta tun ana sussuka, kafin a yi masa canjin wurin aiki.