Tabon Hoto a Kyamarar Dijital da Tasirinsa ga Nazarin Al'ada

Gabatarwa

Ɗalibin da ke nazarin Hausa a kwalejin ilimi ba ya kammala karatunsa sai ya fita fagen bincike ya tattaro bayanai a kan wata sana'a ko wata al'ada, ya rubuta kundi. A da, littafi da biro da rikoda su ne guzurinsa. A yau kyamara ta shiga cikin guzurin, ko mai zaman kanta ko wadda ke jikin wayar hannu. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, don haka hoton da aka liƙa a kundi yakan fi dogon bayani ƙarfin hujja a wurin mai karatu. Sai dai ba duk abin da ya fito a hoto ne yake nan a wurin da aka ɗauke shi ba. Akwai ɗigo da zane da launi waɗanda kyamara ce da kanta take ƙirƙiro su, akwai kuma abubuwan da takan shafe. Irin wannan ƙari ko ragi shi ake nufi da tabon hoto a wannan babi.

Ƙasar Yauri ta dace da misali. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala ta a 1968, ruwa ya shanye tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni, cikinsu har da Gungawa mazauna tsibiran Kwara. Abin da ba a adana hotonsa ba kafin wannan lokaci ya tafi ke nan. Haka nan abin da ɗalibi zai ɗauka yau a Yelwa ko Wara ta ƙasar Ngaski ko ƙauyukan Shanga, na daga kayan su da tufafi da tsofaffin takardu, mai yiwuwa ne wata rana ya zama shi kaɗai ne shaidar da ta rage.

Yadda Kyamara Take Haɗa Hoto

A shekarar 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, mai suna Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko. Hoto ɗaya baƙi da fari yakan ɗauke ta daƙiƙa 23 kafin ta adana shi a kaset. Tun daga wancan lokaci ginshiƙin aikin bai sauya ba. A bayan gilashin kyamara akwai wani ɗan faranti mai jin haske, wanda aka rarraba shi zuwa ƙananan ƙwayoyi. Farantin da ke da ƙwaya 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye yana da ƙwaya miliyan 12 ke nan. Kowace ƙwaya aikinta shi ne ta auna yawan hasken da ya sauka a kanta ta mayar da shi lamba.

Abin lura a nan shi ne ƙwayar ba ta san launi ba. Don haka ake rufe kowacce da matacin launi guda: rabin ƙwayoyin kore, kashi ɗaya cikin huɗu ja, sauran kashi ɗayan shuɗi. Wannan tsari na Bryce Bayer ne, shi ma ma'aikacin Kodak, wanda aka yi wa rajista a 1976. Ma'ana, ƙwayar da ta ga kore ba ta ga ja ko shuɗi ba, sai 'yar kwamfutar da ke cikin kyamara ta dubi maƙwabtanta ta ƙiyasta mata. Ashe ke nan kashi biyu cikin uku na launin hoton dijital ƙiyasi ne. Galibi ƙiyasin yakan dace, amma inda ya kuskure, nan tabo yake bayyana.

Inda Tabo Ya Fi Bayyana

Babu abin da ke ruɗa wannan ƙiyasi kamar zane mai maimaita kansa a ƙanƙance. Idan aka shanya taru ko birgi a bakin tafki, musamman dala mai ƙananan idanu wadda ake kama warangi da ita, aka tsaya daga nesa aka ɗauki hoto, idanun ragar sukan zo kusan daidai da girman ƙwayoyin faranti. Jerin biyu sai su yi ta haɗuwa suna saɓawa, a sami wasu manyan layuka masu lanƙwasa, wani lokaci har da launin bakan gizo, alhali ragar launinta ɗaya ne. Ana iya ganin irin wannan da ido idan aka ɗora gidan sauro a kan wani gidan sauron aka ɗaga su ga haske. Haka yake faruwa ga rigar saƙi da tabarma da faifai. Haɗarinsa ga mai nazarin al'ada a fili yake: zai iya siffanta wani ado a kundinsa wanda masaƙi bai taɓa saƙa shi ba. Maganinsa mai sauƙi ne, wato a matsa kusa ko a ɗan karkata kyamara har idanun ragar su fito ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu shi ne wanda matse hoto yake haifarwa. Hoto mai ƙwaya miliyan 12 zai ci kimanin megabayit 36 idan aka adana shi yadda yake, shi ya sa ake matse shi da tsarin JPEG, wanda aka amince da shi a 1992. Tsarin yakan yanka hoto gida-gida, kowane gida ƙwaya 8 a kwance da 8 a tsaye, ya zubar da bayanan da yake ganin ido ba zai lura da rashinsu ba. Abin da aka zubar ba ya dawowa. Idan matsin ya yi yawa sai gidajen su fito fili kamar jerin bulo, a kuma ga wani dishi-dishi yana kewaye da bakin rubutu. Duk sa'ad da aka gyara hoto aka sake adana shi, ko aka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, sai an ƙara rage masa wani abu.

A wajen takardun ajami ne wannan matsala ta fi muni. Ɗigo ne kawai ya raba ba da ta da nun da ya a tsakiyar kalma. A salon rubutun da aka gada a ƙasar Hausa, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuwa ɗaya a sama. Wasulla kuma sau da yawa da jan tawada ake sa su, ga shi tsarin JPEG ya fi tauye bayanan launi a kan na haske. Ɗigo ɗaya ya ɓace ko ya ƙaru, kalma ta sauya, baitin waƙa ko sunan wani basarake ya tashi daga yadda marubuci ya bar shi. Wanda ya sami izinin ɗaukar irin waɗannan takardu a gidan wani malami, wajibi ne ya sa kyamara a kan mafi girman inganci, ya ɗauki kowane shafi sau biyu, ya kuma karanta hoton yana kwatanta shi da takardar tun bai bar zauren ba.

Sauran nau'o'in ba su kai waɗannan wuyar ganewa ba. A wuri mai ƙarancin haske, kamar rumfar bandar kifi da almuru, kyamara takan ƙara wa sigina ƙarfi, sai hoto ya cika da tsaki-tsaki masu launi. Da tsakar rana kuwa, hasken da ke tashi daga ruwa yakan cika ƙwayoyi har su kasa auna komai, wurin ya zama fari fat, gefen abubuwa masu duhu kuma ya ɗauki launin shunayya. A gasar tseren jirage ta bikin Rigata na Yauri ana iya samun hoton da filafili ya lanƙwashe kamar baka, domin yawancin kyamarorin yau layi-layi suke karanta faranti, kafin su kai ƙarshe abin da ke gudu ya riga ya gusa. Ƙurar hunturu ma takan shiga kyamarar da ake sauya wa gilashi ta zauna a kan faranti, ta riƙa fitowa kamar tsuntsu a sararin sama.

Akwai wani ragi da ya zo da wayoyin zamani wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Wayoyi da yawa sukan goge fatar fuska don su ƙawata ta, musamman kyamarar gaba, ba tare da an umurce su ba. A wurin manhajar waya, bille da kalangu da sauran tsagar gado duk tabo ne da ya kamata a rage. Ɗalibin da ke nazarin tsagar Kambari ko ta Gungawa ko ta Shangawa, al'adar da yanzu ta fi yawa a fuskokin dattawa, zai iya komawa makaranta da fuskokin da aka dusashe musu ainihin abin da ya je nema. Dole ne a kashe wannan gyara kafin a fara aiki.

Sabuwar Kyamara Ba Ta Tsira Ba

Akan zaci cewa tabo matsalar tsohuwar kyamara ce ko mai araha. Tarihin sana'ar bai goyi bayan wannan zato ba. A 2006 kamfanin Leica na Jamus ya fitar da M8, kyamara mai tsadar gaske, sai aka tarar tana jin wani haske da idon mutum ba ya gani, har baƙin yadi na roba yakan fito da launin shunayya. Kamfanin ya raba wa masu ita matatan da ake ɗaurawa a gaban gilashi. A ƙarshen 2008 Canon 5D Mark II ta fito da baƙaƙen ɗigo a gefen fitilu masu haske a hotunan dare, aka gyara ta da sabuwar manhaja a farkon 2009. Fujifilm X10 ta 2011 takan mayar da ƙyalli mai ƙarfi, irin na rana a kan ruwa, ya zama fararen faya-fayai masu kaifin baki. Gyaran manhaja bai wadatar ba, sai da aka sake farantin a 2012. Da a ce da irinta aka ɗauki tafkin Kainji da hantsi, da an ga ruwan cike da fararen kwabbai. Nikon D600 ta 2012 kuwa ɗige-ɗige ne suke taruwa a kan farantinta daga cikin kyamarar kanta, har kamfanin ya ɗauki nauyin gyara kyauta a 2014.

Dalilin haka shi ne gwajin da ake yi a masana'anta ba ya game kowane irin haske da yanayi. Sai kaya sun shiga hannun dubban mutane sannan aibinsu yake fitowa. Saboda haka makarantar da za ta sayi kyamara don aikin ɗalibai ta fi samun kwanciyar hankali da samfurin da ya shekara a kasuwa aka san halinsa.

Rarrabe Tabo da Gaskiya

Hanyar ganewa ba ta buƙatar na'ura. Abin da yake na wurin ne yakan tsaya a inda yake ko da mai ɗauka ya gusa. Abin da yake na kyamara ne yakan bi kyamara. Idan ɗigo ya fito a kusurwa ɗaya a hotuna goma na wurare daban-daban, to ƙura ce ko matacciyar ƙwaya. Ana tabbatar da haka ta ɗaukar hoton farar takarda ko sararin sama kafin a fita aiki. Idan zanen da ke jikin riga ya sauya fasali da aka matsa taki biyu, to ba na masaƙi ba ne.

Malamin da ke duba kundi yana da haƙƙin ya nemi ganin hoton asali, wato wanda ya fito daga kyamara kai tsaye, domin a jikinsa akan sami sunan kyamarar da ranar ɗauka. A ƙarƙashin kowane hoto a rubuta wurin da lokacin da kuma sunan abin kamar yadda masu shi suke kiran sa. Idan za a tura wa malami ta waya, a tura shi a matsayin fayil, a kuma ajiye na asalin a wuri biyu.