Yarda a Shugabancin Makaranta

Bayan dokar 1988 da ta damƙa ragamar makarantun gwamnati na birnin Shikago, Amurka, ga kwamitocin iyaye da malamai, masana biyu, Anthony Bryk da Barbara Schneider, sun nazarci makarantun firamaren birnin, suka wallafa sakamakon a 2002. Sun tarar karatun yara ya fi inganta inda yarda ta kafu, wato inda shugaba da malamai da iyaye kowa ya tabbata ɗan'uwansa zai sauke nauyinsa. Umarni ba ya haifar da ita; shugaba yakan gina ta da sauraro da cika alkawari, da kuma, abu mafi wuya, ƙin kawar da kai daga malami mai sakaci, wanda halinsa ke karya gwiwar masu ƙwazo.