Yadda Ake Bambance Ƙananan Ƙudaje Masu Cizo a Yankin Faraku da Jugu

Faraku da Jugu garuruwa ne a arewacin Jamhuriyar Benin, kuma tsofaffin zango ne na fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro. Kogin Weme yana tasowa daga wajejen Jugu, ya wuce ta yammacin Faraku. A bakinsa akwai ƙananan ƙudaje masu cizo iri biyu waɗanda akan ɗauka abu ɗaya ne. Sanin bambancinsu yana da muhimmanci, domin ɗaya daga cikinsu ne ke kawo makantar bakin kogi.

Na farko shi ne baƙin ƙuda, wanda masana ke kira Simulium damnosum. Tsawonsa bai cika wuce milimita 4 ba. Jikinsa baƙi ne, gajere, mai kauri, ga kuma doro a gadon bayansa. Fikafikansa masu faɗi ne, garai-garai, ba su da zane. Ƙahonnin jin da ke kansa gajeru ne, kuma ƙafarsa ta baya tana da farin zobe. Macen ce ke cizo, da rana, kuma tana yin ƙwai inda ruwa ke gudu da ƙarfi.

Na biyu shi ne Culicoides. Ya fi na farko ƙanƙanta, ƙahonninsa dogaye ne, yawanci fikafikansa suna da ɗigo-ɗigo. Idan ya sauka yakan ɗora fiffike ɗaya bisa ɗaya kamar rufaffen almakashi. Ya fi cizo da asuba da almuru. Ba ya kawo makanta, amma yana yaɗa cuta ga tumaki.

Shi ma baƙin ƙudan iri-iri ne. Akan duba tukkun gashin da ke gindin fiffikensa da madubin ƙara girma. Idan gashin fari-fari ne, galibi na yankin ciyawa ne. Idan baƙi ne, na kurmi ne. Na yankin ciyawa shi ya fi alaƙa da cutar mai makantarwa.

Da irin waɗannan alamu ma'aikatan shirin yaƙi da cutar, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar daga 1974 zuwa 2002, suke gane irin ƙudan da suka kama, har su san kogin da ya kamata a yi wa feshi.

Ɗalibi ya lura da kalmomin siffantawa a nan: doro, garai-garai, ɗigo-ɗigo, fari-fari, tukku.